Hukumar Lantarki da Bulalarta ta Auduga

Kowa ya san kasuwa ba ta zama lafiya sai da sarkin kasuwa. Shi ke duba mudu ko an buga masa gindi, shi ke kama mai algus, shi kuma ke yanke wa mai tauye awo hukunci a gaban jama'a don na baya su ji tsoro. To, kasuwar wutar lantarki a Nijeriya ita ma tana da nata sarkin. Sunansa NERC, wato hukumar da dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta kafa, dokar nan da ta binne NEPA. Tun daga 1 ga Nuwamba, 2013, ranar da aka danƙa kamfanonin rarraba wuta a hannun 'yan kasuwa, wannan hukuma ce aka ɗora wa tsayuwa tsakanin talaka da mai kawo masa bil. A cikinta akwai sashe sukutum na shari'a da lasisi da tabbatar da bin doka, da kwamishinansa. Da wannan sashe nake magana, don a hannunsa bulalar take.

Bari mu fara da laifin. A shekarar 2024 fiye da rabin masu biyan kuɗin wuta a ƙasar nan ba su da mita. Wanda ba shi da mita, kintace ake yi masa. Ma'aikaci ya dubi gida, ya dubi unguwa, ya rubuta abin da ya ga dama, ko wata ya ƙare ba a ga ƙyallin ƙwai ba. Da kuka ya yi yawa, a watan Fabrairu na 2020 hukumar ta fitar da umarni ta ƙayyade iyakar abin da za a iya kintata wa marar mita. Madalla. Sai ga shi a Fabrairun 2024 ita da kanta ta fito ta ce dukkan kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya sun tsallake wannan iyaka daga Janairu zuwa Satumba na 2023. Ba a samu ko guda ɗaya mai tsarki ba! Kuɗin da suka ɗora wa mutane ba bisa ƙa'ida ba ya kai kimanin naira biliyan 105 cikin wata tara.

Mene ne hukuncin? An ce su mayar wa mutane hakkinsu ta hanyar rage musu bil, su buga sunayen waɗanda aka mayar wa a jaridu, sa'an nan a zare musu naira biliyan 10.5 daga kuɗin shigar da aka yarje musu. Wato kashi goma cikin ɗari. Jaridu suka yi ta kururuwa wai hukuma ta nuna haƙora.

Haba jama'a! Mu ɗan yi lissafin da ko ɗan tireda zai iya yi. A Disambar 2023 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kusa kashi 29 cikin ɗari. Nairar da aka karɓe daga hannun mai sayar da ƙanƙara a Janairun 2023, aka ce a mayar masa a Maris na 2024, ta riga ta rame, ba za ta sayi abin da za ta saya a da ba. Shi kuwa kamfani ya riƙe kuɗin shekara guda cur yana juyawa. Da banki ya je neman rancen wannan kuɗi, ruwan da zai biya ya fi kashi goma nesa ba kusa ba. Ashe ke nan tarar da aka ci shi ba ta kai kuɗin ruwa ba. Duk manajan da ya iya ƙidaya zai gane cewa tatsar marar mita ita ce rance mafi araha a Nijeriya: in ba a kama ka ba ka ci bulus, in an kama ka ka biya ushiri. Kuma wannan duk a kan zaton an mayar da kuɗin ne ga kowa da kowa. Tsohuwar da ba ta karanta jarida, ba ta kuma san iyakar da aka ƙayyade wa layinta ba, ta yaya za ta gane an rage mata ko ba a rage ba?

Ba sai na wahalar da kaina wajen kawo hujja ba, don kamfanonin sun kawo mini ita. A watan Afrilu na 2025 hukumar ta sake cin tarar takwas daga cikinsu, har da na Kano da na Kaduna da na Jos da na Yola, a kan wannan laifi dai, na tsakanin Yuli da Satumba na 2024. Wato 'yan watanni bayan bulalar farko sun koma ruwa. Tarar wannan karo naira miliyan 628 ce, kashi biyar cikin ɗari. A ina aka taɓa ganin alƙalin da ɓarawo ya dawo gabansa karo na biyu, sai ya rage masa bulala?

Kada mai karatu ya zaci hukumar ba ta da ƙarfi. Tana da shi, ta kuma san inda take ajiye shi. A Janairun 2024 ta rushe hukumar daraktocin kamfanin rarraba wuta na Kaduna gaba ɗaya, ta naɗa masu riƙo, saboda bashin kimanin naira biliyan 110 da manyan kasuwar lantarki ke bin kamfanin. Ku dubi lambobin nan biyu, 110 da 105, kusan tagwaye ne. Da kuɗin manya ya maƙale, kujeru suka tashi. Da aka yashe aljihun talakawa, sai aka ɗauko bulalar auduga.

Ni ba mai yabon Amurka ba ne, amma mu leƙa yadda takwarar wannan hukuma, FERC, ta yi. Bayan rikicin wuta na jihar Kalifoniya a 2000 da 2001, wanda kamfanin Enron ya yi ƙaurin suna a cikinsa, majalisarsu ta yi doka a 2005 ta ba hukumar ikon cin tara har dala miliyan 1 a kowace rana a kan kowane laifi. Sashen bincikenta ya bi diddigin wani reshe na bankin JP Morgan da ke wasa da farashin wuta tsakanin 2010 da 2012. A Yulin 2013 aka daidaita: bankin ya amayar da dala miliyan 125 na haramtacciyar riba, ya kuma biya tarar dala miliyan 285. Tara ta ninka abin da aka ci fiye da sau biyu. Can ma ba a ɗaure kowa ba, bankin bai ma amsa laifi ba, don jari-hujja ko'ina halinsa ɗaya. Amma dai lissafin ya juye, wanda ya ci ya yi hasara.

Na san abin da masu kare kamfanoni za su ce. Za su ce mutane na satar wuta, suna zagaye mita, ma'aikatun gwamnati da barikoki ba sa biyan bil, kuma in aka tsananta tara kamfanonin za su durƙushe. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, na yarda. Amma wanda ya saci wuta a kama shi a kai shi kotu, doka ta tanadi haka. Ba a ɗauki bashin bariki a ɗora wa mai wankin hula ba. Batun durƙushewa kuwa, kamfanin da ba ya iya tsayuwa sai da tauye mudu, me tsayuwarsa ta amfana mana?

Abin da nake nema daga mai riƙe da wannan sashe ba shi da yawa. Tara ta zarce abin da aka ci, ta kuma ninka ga wanda ya maimaita. A ambaci sunayen manajojin da suka sa hannu a kan bil ɗin ƙarya, a hana su sake riƙe muƙami a harkar, don kamfani ba shi da hannun rubutu, mutum ne ya rubuta. Iyakar kintacen kowane layi kuma a karanta ta a rediyo da Hausa da Fulatanci da Barbarci, yadda mai shago a Kurna ko Tudun Wada zai ɗauki bil ɗinsa ya gwada da kansa. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa nasu hukumomin, wasu kamar Enugu har sun karɓi ragama tun 2024. Duk jiharmu da za ta bi sahu, 'yan majalisarta su rubuta adadin tarar a cikin doka ƙarara, kada su bar wa kwamishina ya zaɓa tsakanin kashi goma da kashi biyar.