Mun karɓe yuraniyom, to wa zai gaji dattinsa?



Tun watan Yuni na 2025 da gwamnati ta mayar da kamfanin SOMAÏR mallakar ƙasa, duk fadar da ka zauna hirar guda ce: yuraniyom namu ne, Faransa ta ci ya isa haka nan. Ba mu da ja a kan wannan. Tun 1971 ake haƙo shi a Arlit ana kunna fitilun wasu ƙasashe, mu kuwa muna jiran wutar da muke saye daga Najeriya. Amma akwai tambayar da ba mu ji ana yi a wurin gangami: dattin da aka bari, na wane ne?

A Akokan, kusa da Arlit, kamfanin COMINAK ya yi aiki daga 1978 har ranar 31 ga Maris 2021 da aka rufe shi. Ya fitar da yuraniyom kimanin tan 75,000, ya bar tsibin sharar da ta kai tan miliyan 20, kilomita kaɗan daga gidajen mutane. Yuraniyom ya shiga jirgin ruwa ya tafi. Tsibin yana nan.

Wani zai ce ai an riga an tsame gubar, abin da ya saura ƙasa ce kawai. Wallahi ba haka ba ne. Yuraniyom iri-iri ne, uwa ɗaya uba ɗaya, nauyi kawai ya bambanta su, shi ne masana ke kira isotof. Mai lamba 235 shi ne makamashin tashoshin nukiliya, kuma bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Kusan duk sauran mai lamba 238 ne. Shi wannan a hankali yake rikiɗewa ya haifi toriyom, toriyom ya kai ga radiyom, radiyom ya haifi iskar radon, ita kuma ta haifi foloniyom, har zuriyar ta ƙare a kan darma. A kowane mataki ana fitar da tururin da ke lalata ƙwayoyin jikin ɗan Adam. A masana'anta ana niƙa dutse, a zuba masa asid, a tsame kakan, a bar ƴaƴa da jikoki cikin laka. Shi ya sa kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin tururin ke zama a cikin sharar.

Ku dubi tsawon ransu. Radiyom 226 sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare, alhali daga Hijira zuwa yau ba a cika shekara 1,500 ba. Toriyom 230 kuwa shekara 75,000 yake ɗauka. Ita radon cikin kwana huɗu rabinta ke gushewa, amma muddin radiyom na nan kullum sabuwa ake haifa. Ba ta da launi, ba ta da wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana cikin manyan abubuwan da ke kawo kansar huhu bayan taba.

Ba yau aka fara kuka ba. Almustafa Alhasan, tsohon ma'aikacin SOMAÏR, da ƙungiyarsa Aghir In'Man sun fi shekara 20 suna magana. A 2003 masu bincike na CRIIRAD daga Faransa suka zo Arlit, suka iske tsofaffin ƙarafan kamfani masu tururi a kasuwa, irin waɗanda talaka ke saye ya yi rufin ɗaki ko kayan gida. A ƙarshen 2009 Greenpeace ta auna wani wuri a titin Akokan ta samu tururi ya ninka na al'ada kusan sau 500, kuma cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba, huɗu sun wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Kamfanin Areva, wanda ya koma Orano, ya sha cewa awonsa bai wuce ƙa'ida ba. To, mai kaya shi ne mai awo, shi ne kuma mai ba da shaida? Ko a kasuwar hatsi ba mu yarda da haka.

Masu cewa wannan matsalar mutanen arewa ce, su tuna ƴaƴan wa suka shiga ramukan nan. Ƴaƴanmu da yawa daga kudu can suka ƙarar da ƙuruciyarsu, yau sun dawo gida da huhun da suka shaƙi ƙurar. Shekara da shekaru motocin yuraniyom ta Tawa da Dosso suka yi ta bi zuwa Kwatano. Tsohon ƙarfe kuma ba ya tambayar iyakar jiha kafin ya hau mota.

Akwai kuma masu cewa yanzu ba lokacin wannan magana ba ne, wai tana ba maƙiya makami. Kai jama'a! Wane maƙiyi ne zai ji daɗi in muka ce sai Orano ya biya? Shirunmu ne zai faranta masa. Kamfanin ya yi alkawarin lulluɓe tsibin da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita biyu. Rikicinsa da gwamnati bai goge wannan bashi ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Amma karin maganar ta hau kanmu mu ma. Ƙasar Nijar tana da kashi 31 cikin 100 a COMINAK, gwamnatocinmu sun karɓi rabonsu sun yi shiru. Yau da SOMAÏR ke hannunmu ba sauran Bature da za mu laɓe bayansa. Radon ba ta san tuta ba. Ɗan Rasha ne ya haƙa a Imuraren, ɗan Sin ne a Azelik, ko ɗan Nijar a Arlit, shara iri ɗaya za ta fito, huhun yaro ɗan Akokan kuma shi ne dai.

Don haka ga abin da muke nema. A bi Orano, ta sulhu ko ta kotu, ya sauke nauyinsa na gyaran Akokan, kada a jefa wannan cikin cinikin siyasa. Hukumar ARSN mai sa ido kan lamarin nukiliya ta riƙa auna ruwa da iska da ƙasa, ta karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Tamajak, ba a kulle shi cikin ofis a Yamai ba. Muna da cibiyar binciken isotof a Jami'ar Abdu Mumuni, a ba ta kuɗi da kayan aiki ta yi awon da ba na kamfani ba. A bi sawun lafiyar tsofaffin ma'aikata har garuruwansu, da waɗanda suka yi aiki ƙarƙashin ƴan kwangila, don su ma ƙura ɗaya suka shaƙa. A riƙa gwada tsofaffin ƙarafa kafin su bar Arlit. Duk kamfanin da za a ba sabon izini kuma, ya fara ajiye kuɗin gyara a bankin Nijar kafin ya sara ƙasa.

Mu ci gaba da cewa yuraniyom namu ne, gaskiya ce. Amma duk jami'in da ya hau mumbari ya faɗa, a tambaye shi: ranka ya daɗe, ruwan Akokan fa, nawa awo ya nuna a wannan wata?

Allah ya kare mana ƙasa da zuriya.