Kafin Ka Ɗora wa Gada Laifi



Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a tsakanin matasanmu masu wasa ta intanet wadda nake ganin bai kamata a yi shiru a kanta ba. Da zarar wasa ya fara tsinkewa, sai a yanke wa gadar sadarwa hukunci, wato 'yar na'urar nan da ke karɓar Wi-Fi ta miƙa wa na'urar wasa ta waya, a jefar da ita a nufi kasuwa. Can kuma mai shago na jira da wata mai ƙahoni takwas da fitilu jajaye, yana rantsuwa cewa ita ce maganin jinkiri. Ni dai ban ga sunan da ya dace da wannan ba face almubazzaranci daga mai saye, da ha'inci daga mai sayarwa.

Ya ɗan'uwa mai karatu, wasa ba ya cin data mai yawa. Abin da yake nema shi ne saƙo ya je ya dawo da sauri. Haske a cikin wayar faiba yana cin kimanin kilomita 200 ne a milisakan ɗaya. Daga Legas zuwa Landan akwai kusan kilomita 5,000, ke nan idan uwar garken wasan tana can, zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 50 ba, ko da an miƙe hanya sambal. Wace gada ce za ta rage wannan nisa?

Shin ka ma bincika kafin ka yi hukunci? Ja waya daga rauta kai tsaye zuwa na'urar wasan. In matsalar na nan, to gadar ba ta da laifi, ka nemi kamfanin da ke ba ka intanet. In ta kau, sai ka duba zango: 2.4 gigahaz cike yake da Wi-Fi na maƙwabta da Bluetooth da na'urar ɗumama abinci, kuma tashoshi 1 da 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna. Zangon 5 gigahaz ya fi sarari, sai dai bango yana raunana shi. Duba kuma ko gadar tana raba adireshi ita ma kamar rauta, domin hakan ne ke haifar da NAT biyu, har Xbox ko PlayStation su kasa haɗa ka da abokan wasa. Kada ka manta da adaftar wuta, don sau da yawa ita ce ta gaji.

Ba na cewa kada a canza. Lokacin da Xbox 360 ta fito a 2005 ba ta da Wi-Fi a jikinta sai samfurin 2010, shi ya sa gadoji suka yi kasuwa. Wanda har yau yake riƙe da irin waɗannan tsofaffi masu tsaron WEP, wanda aka bankaɗo rauninsa tun 2001, lallai ya canza, domin ƙofar gidansa a buɗe take. Amma a canza bisa hujja, kuma a tuna wayar Ethernet tana kai mita 100, ta fi kowace gada araha da amana.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.