Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban NITDA: Ɗan Banga Ya Yi Faci, Ina Zai Miƙa Shi?

Zuwa ga Malam Kashifu Inuwa Abdullahi,
Babban Daraktan Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwar Zamani ta Ƙasa, NITDA, Abuja.

 

Wannan wasiƙa ta fito ne daga arewacin Zamfara, yankin da ba kasafai sunansa ke shiga jarida ba sai an yi rashi. A watan Yulin 2025 duniya ta ji sunan Banga, a ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda, lokacin da 'yan bindiga suka kashe mutane sama da talatin da suka sace daga garin, bayan an biya kuɗin fansa. Allah ya jiƙansu. Kukan tsaro yana da ofisoshin da ake kai shi. Abin da ya kawo mai wannan wasiƙa ƙofar Babban Darakta magana ce a kan wata 'yar takarda, wadda ke gaya wa yaro yadda zai miƙa gyaran da ya yi wa manhaja.

Kowa ya san mai faci a tashar mota. Ya gano inda taya ta huje, ya kankare wurin, ya manna, ya busa iska ya gwada a ruwa. Masu rubuta manhaja sun ari wannan suna tuntuni. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda rubutun umarninta yake a fili, kowa na iya karantawa, ya kwafa, ya gyara. In mutum ya ga kuskure, sai ya rubuta ɗan gyara ya aika wa masu kula da ita. Wannan gyaran shi ne faci. Linux, wanda Linus Torvalds ya faro a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, da irin waɗannan faci-facin aka gina shi, kuma shi ne ƙashin bayan kowace wayar Android da ke hannun 'yan kasuwar Shinkafi. Kusan duk mako tara ko goma ake fitar da sabon zubinsa, da hannun mutum wajen dubu biyu a ciki.

Kada a ɗauka abin na nesa ne. Jami'in da ke tattara alƙaluman rigakafi da haihuwa daga asibitocin Zurmi, a ƙarshe cikin DHIS2 aikinsa ke shiga, buɗaɗɗiyar manhajar da Jami'ar Oslo ke jagoranta, wadda Najeriya ta ɗauka don bayanan lafiya. Wikipedia ta Hausa a kan MediaWiki take gudana, ita ma a buɗe take. Mutanen yankin nan sun daɗe suna cin moriyar aikin da wasu suka yi kyauta. Hanyar mayar da biki ce ta toshe musu.

A ɗauka ga wata ɗaliba a sashen kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, makarantar da aka kafa tun 1983. Ta lura cewa wata manhaja tana rikicewa in aka rubuta suna mai ƙ ko ɗ ko ɓ, wajen bincike sai ta kasa haɗa Ƙaura da Kaura. Ta zauna ta gano inda matsalar take, gyaran bai wuce layi biyar ba. Sai ta buɗe fayil ɗin da ake kira CONTRIBUTING, wato jagorar masu ba da gudummawa. An rubuta shi shekaru shida da suka wuce. Ya ce a aika wa wani adireshin imel da ba mai dubawa yanzu. Ya ambaci kayan aikin da aka daina amfani da su. Ya ce a sauke wasu abubuwa masu nauyin da zai cinye datar wata guda kafin ma a fara gwaji. Ta bi duk abin da aka ce, ta aika, shiru kamar an shuka dusa. Ba za ta sake gwadawa ba, kuma masu manhajar ba za su taɓa sanin an zo ƙofarsu an koma ba.

Wannan ciwo na duniya ne baki ɗaya. A binciken da GitHub, dandalin ajiye manhajoji a intanet, ya gudanar a 2017 tsakanin mutum sama da 5,500, kashi 93 cikin ɗari sun ce sun ci karo da bayanan jagora marasa cika ko waɗanda suka tsufa, amma kashi 60 cikin ɗari na masu ba da gudummawa sun ce da wuya su taɓa gyara irin waɗannan bayanai, ko ma ba su taɓa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya riga ya san hanya ba ya karanta allon kwatance, don haka ba ya ganin ya goge. Baƙo ne kaɗai ke gani, shi kuwa baƙo yana jin nauyin yi wa masu gida gyara.

Hanyoyin kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya. Torvalds ya ƙirƙiri Git, manhajar adana tarihin gyare-gyare, a watan Afrilun 2005 bayan saɓani kan BitKeeper da Linux ke amfani da ita a da. GitHub ya zo a 2008 da tsarin da mutum ke danna maɓalli ya roƙi a haɗe gyaransa. Python ya koma can a watan Fabrairun 2017, LLVM ya bar dandalin bitarsa na Phabricator ya koma can a 2023. Duk ranar da aka yi irin wannan ƙaura, tsohuwar takarda ta zama tarko in ba a sabunta ta ba.

Linux bai yi wannan ƙaura ba, har gobe ta imel ake aika masa faci, kuma a nan ne mai wannan wasiƙa yake roƙon Babban Darakta ya ɗan dakata. Dokokin Linux suna da tsauri. Faci ɗaya ya magance matsala ɗaya. A rubuta shi a tsurar rubutu cikin jikin saƙo, ba tare da ado ba, har takardunsu sun yi gargaɗin cewa shafin Gmail yana lalata shi. A yi bayanin abin da ya lalace da dalilin gyaran. A ƙarshe mutum ya sa sunansa a layin shaida, tsarin da aka shigo da shi a 2004, yana tabbatar da cewa yana da haƙƙin miƙa abin da ya miƙa. Akwai ƙaramar manhaja mai duba kurakuran tsari kafin a aika, akwai wata mai gaya wa mutum sunan wanda ke kula da ɓangaren da ya taɓa. Matasa da yawa suna ganin wannan tsohon yayi ne. Amma faci ta imel bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Git yana aiki ko babu intanet, mutum na iya yin mako yana aiki a ɗakinsa, ya tattara gyare-gyarensa cikin fayil ɗaya ya zuba a filasha, ya bai wa mai tafiya Gusau.

Mutanen Zamfara sun san darajar wannan fiye da kowa. A farkon watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar bisa umarnin hukumar sadarwa ta NCC, aka rufe kasuwannin mako-mako, kuma ƙananan hukumomi irin su Zurmi da Shinkafi da Ƙaura sun daɗe cikin duhun bayan an maido wa Gusau. Mutane sun riƙa shiga mota zuwa wata jiha don su buga waya. Ko yau, sabis a ƙauyukan nan sai an nemi tudu, wuta kuma sai an biya mai caji. Duk jagorar da ta ɗauka cewa mai karatu yana zaune da intanet dare da rana, ta riga ta sallami ɗan Banga tun daga layin farko.

Sai maganar harshe. Takardun Linux suna da fassara cikin Sinanci da Japananci da Koriyanci da Italiyanci da Sifaniyanci, masu sa kai ne suka yi, kuma suna bin sauye-sauyen asalin. Babu Hausa a ciki, harshen da mutane miliyoyi gommai ke magana da shi daga Katsina zuwa Maraɗi zuwa zangon Kumasi. Ba wanda ke cewa a daina koyon Turanci, rubutun umarnin kansa da kalmominsa ake yi. Amma abin da ke kayar da sabon shiga yawanci ladubban wurin ne: yadda ake amsa mai bita in ya dawo da aiki sau uku, dalilin da ya sa ba a aika gyara goma a dunƙule, tsawon lokacin da ya kamata a jira kafin a tuna wa mutum. Irin wannan tarbiyya ta fi shiga da harshen da uwa ta yi wa yaro faɗa da shi.

Tsaurin kuma yana da tushe, ya kamata a faɗa wa ɗalibai. A watan Afrilun 2021 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga masu kula da Linux, ya haramta karɓar faci daga Jami'ar Minnesota bayan wasu masu bincike sun aika gyare-gyare masu lahani da gangan don gwaji. A watan Maris na 2024 injiniya Andres Freund ya gano wata ɓoyayyiyar ƙofa a manhajar xz, wadda wani mai amfani da sunan Jia Tan ya dasa bayan ya shafe kusan shekara biyu yana neman yardar mai kula da ita. Tun daga nan masu kula suka ƙara sa ido a kan baƙin suna. Yaron da ya fito daga garin da ba su taɓa ji ba, abin da zai tsaya masa shi ne tsabtar aikinsa da bin ƙa'ida daki-daki.

'Yan Najeriya sun nuna ana iyawa. Segun Adebayo ya ƙirƙiri Chakra UI, ana amfani da ita a ƙasashe da dama. Samson Goddy da Ada Nduka Oyom sun kafa ƙungiyar Open Source Community Africa, ta yi babban taronta na farko a Legas a 2020. Masu binciken HausaNLP sun saka bayanan NaijaSenti a fili a 2022. Gwani ne ya fi yawa a waɗannan misalai, kuma galibi yana zaune a birnin da wuta da sabis suka wadata.

Shirin 3MTT da aka ƙaddamar a 2023 yana da burin horar da mutum miliyan uku, kuma NITDA na cikin masu tafiyar da shi. Takardar shaidar kammalawa tana da amfaninta, amma faci ɗaya da baƙon mai bita ya duba ya karɓa, da sunan mutum a tarihin manhajar, shaida ce da kowane mai ɗaukar aiki a duniya zai iya tantancewa da kansa. Roƙon mai wannan wasiƙa shi ne hukumar ta ɗauki nauyin rubuta jagorar miƙa faci da Hausa, wadda ta ƙunshi hanyar GitHub da ta imel da ta filasha, a saka ta a fili da sunan mai kula da ita da ranar da aka duba ta ta ƙarshe. Switzerland tana da doka da ta fara aiki a 2024 mai tilasta buɗe manhajar da gwamnatin tarayya ta biya aka rubuta. NITDA na iya farawa da nata ayyukan, kowanne da jagora mai rai da alƙawarin amsa faci cikin kwanakin da aka ƙayyade, ko da amsar a'a ce.

Kafin a ce an gama jagorar, a kawo ta Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun 1929. A zaunar da ɗaliban shekarar farko, 'yan Banga da Zurmi da Shinkafi, kowa da wayarsa da datar da ya saba saya. A ba su takardar, malami ya koma gefe ya yi shiru da biro a hannu. Duk layin da ɗalibi ya tsaya ya ɗago kai, a ja masa alama, a sake rubuta shi a ranar, wanda ya tsaya ɗin kuma a sa shi ya aika gyaran da sunansa.

Allah ya ƙara wa Babban Darakta lafiya, ya ba Zamfara zaman lafiya. Wassalam.

Daga wani mai kishin yankin,
Ƙaura Namoda, Jihar Zamfara.