Girbi a Gonar Wani

A 2023 aka naɗa Rena Wakama mai horar da D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, mace ta farko da ta riƙe muƙamin. A shekarar ta ɗauki kofin Afirka a Kigali. A gasar Olamfik ta 2024 a Paris kuma ta kai 'yan wasanta zagayen kwata-fainal, matakin da babu wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka da ta taɓa takawa.

Hukumomi sun yi ta tafi, alhali a gonar wani suka yi girbi. A Amurka aka haifi Wakama, ta buga wa Jami'ar Western Carolina, ta koyi horarwa a Kwalejin Manhattan, mataki bayan mataki. Wannan tsani kuwa dokar 1972 ce ta kafa shi, wadda ta hana makarantun da gwamnatin Amurka ke tallafa wa tauye mata, har a fagen wasanni.

To, yarinya mai tsawo da hazaƙa a Makera, wane tsani aka jingina mata? Ba a rasa asali ba: a Zariya koci Oliver Johnson na Jami'ar Ahmadu Bello ya raini matasa irin su Masai Ujiri. Niyya aka rasa. A 2022 gwamnatin tarayya ta janye ƙasar daga gasannin waje, har D'Tigress ta rasa gurbinta a gasar kofin duniya.

Sai jami'o'in Arewa sun ware tallafin karatu ga 'yan wasa mata, da muƙamin koci mai albashi, sannan alfaharin zai halatta.