Bayan Gyaran Muƙamuƙi, Wa Ya Kamata a Tambaya?

A Zangon Kumasi, inda fataucin goro ya tara Hausawa, mutumin da haƙoransa na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa ya san damuwarsa tun kafin likita ya ba ta suna. Ba ya iya ɓantarar goro da haƙoran gaba, nama sai an yayyanka masa, sautin s da z kuwa sukan fito da tsamin baki. Irinsa akan tura wurin likitocin fiɗar baki da fuska, kamar na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye.

Fiɗar kanta ba sabuwa ba ce. Tun 1957 Hugo Obwegeser ya bayyana yadda ake tsaga ƙashin muƙamuƙin ƙasa ta cikin baki, a matsar da shi gaba ko baya. Shirin da ake yi kafin aikin ne ya sauya. A da, likita kan zuba siffar haƙoran da filasta, ya yanka, ya gwada da hannu. Yanzu akan ɗauki hoton CT, a gina ƙoƙon kan a kwamfuta, a motsa ƙashin a kan allo kafin wuƙa ta taɓa mutum. Sabuwar hanyar ta fi nuna karkacewar fuska, amma tana da tsada.

Sai dai wani bincike da aka yi a Suwidin, aka buga a 2018, ya kwatanta shiri da shimfiɗaɗɗen hoto da shiri da cikakkiyar siffar kai, ya tarar rayuwar majinyata ta inganta a ɓangarorin biyu ba tare da wani bambanci na a zo a gani ba. Ba abin mamaki ba ne. Majinyaci ba ya auna milimita. Abin da ya sani shi ne watannin wayar haƙori, da makonnin da zai yi a kan koko da kunu, da leɓen ƙasa da kan daɗe bai dawo da ji ba.

Saboda haka asibitin da kuɗinsa ke da iyaka bai kamata ya raina filasta ba. Inda ya fi cancanta a sa ƙoƙari shi ne tambayar majinyaci. Sanannen ma'aunin wannan fanni, mai tambayoyi 22, a Ingila aka tsara shi da Turanci. Budurwar Zango da ke rufe baki da mayafi in za ta yi dariya "kunya" za ta kira abin da take ji, kalmar da ke iya nufin tarbiyya, ke kuma iya nufin ƙunci. Sai mai jin Hausa ne zai gane wadda take nufi.