Daga Bakin Tasha: "Saura mutum biyu"

Makon jiya da asuba aka bugo mini waya cewa gwaggona ta rasu a Salaga. Kafin ƙarfe 7 ina tashar Bimbilla. Yaron mota ya ce, "Alhaji shiga, saura mutum biyu." Wallahi mutum biyun nan ba su samu ba sai bayan azahar. Ko da na isa an riga an dawo daga maƙabarta, gaisuwa kawai na tarar.

Duk mazaunin ƙasar Nanumba ya san wannan. Motarmu ba ta aiki da agogo, sai ta cika take tashi. Ga babbar hanyar gabas, wadda ake kira Eastern Corridor, ta taso daga Tema, ta haye kogin Oti a Damanko, ta ratsa Bimbilla da Yendi har Bawku. Manyan motoci na bin ta da lodin doyarmu zuwa kudu, amma mutum ya zauna a benci yana ƙirga kawuna.

Asarar ta wuce ta ciniki. Mara lafiyar da aka tura babban asibitin koyarwa na Tamale, in ya rasa motar safe, sai ya bi ta Yendi ya sake jiran wata. Matan ƙauye kan hau keken kaya mai ƙafa uku, su zauna bisa buhuna da goyo a baya. Biki da suna kuwa, yanzu sai a tura kuɗi ta waya a ce "a yi haƙuri." Haka zumunci ke ramewa, yara su tashi ba su san dangin Salaga da na Bawku ba.

Kakanninmu fatake da jakuna suka zo Salaga sayen goro, amma madugu kan sa ranar tashi, kowa ya shirya. Mu da muke da inji me ya hana mu?

Shawarata ita ce 'yan kasuwar zango mu zauna da shugabannin ƙungiyar direbobi ta GPRTU, a ware mota ɗaya da za ta tashi ƙarfe 6 kullum, ko ta cika ko ba ta cika ba. Kujerar da ta rage mu biya daga asusun haɗin gwiwa. Direba bai yi asara ba, mu ma mun san lokacinmu. Ni dai zan fara sa nawa.

Allah ya jiƙan gwaggo, ya kai kowa gida lafiya.