Baƙin ƙasan ido gado ne: kada garin neman gira mu rasa ido

 Yau maganata da masu haɗin mai ce, da kuma mu da muke ba su kasuwa.

Duk mai waya a hannu ya ga irin tallan nan a WhatsApp ko TikTok. Hoto biyu gefe da gefe: a na farko yarinya ce ƙasan idonta ya yi duhu, a na biyu fuska ta yi tas kamar an wanke tangaran. Sai a rubuta a ƙasa cewa kwana bakwai kacal, ko da gado ne zai fita. Wannan kalma ta "ko da gado ne" ita ce ƙaryar da ta fi ba ni haushi, domin da ita ake raba ƙannenmu da kuɗinsu, jaka biyu yau, jaka uku gobe, kuma ƙarshenta ba a aljihu kaɗai take tsayawa ba. Tana kaiwa ga fata, tana kaiwa ga ido, har ƙoda ba ta bari ba.

Bari mu fara da sanin abin da ake son kankarewa ɗin. Fatar da ke kewaye da ido ita ce mafi siranta a jikin ɗan Adam gaba ɗaya. Duhun da ake gani a wurin kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda launi ne: sinadarin melanin, wanda shi ya ba mu baƙar fatarmu, ya fi taruwa a wurin, kuma wannan ya fi yawa a cikin mu baƙar fata da mutanen Indiya da Larabawa. Akwai wanda jijiyoyin jini ne ke leƙowa ta ƙarƙashin siririyar fatar. Akwai kuma wanda ba launi ba ne sam, inuwa ce kawai, saboda ƙirar ƙashin fuska ta sa idon ya ɗan shiga ciki. Duk ukun ana gadonsu. Ki duba mahaifiyarki, ki duba gwaggonki, ki duba tsohon hoton kakarki. In kin ga abin a fuskokinsu, to kin samu amsarki. Yadda kika gaji wushirya ko dogon hanci, haka kika gaji wannan.

Ga gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko dala. Ki tsaya gaban madubi, hasken rana yana dukan fuskarki ta gaba, ki ɗan ja fatar ƙasan idon a hankali. In duhun ya ɓace, inuwa ce. To ku faɗa mini don Allah, wane mai ne a duniya yake cike kwarmi? Wane sabulu ne yake wanke inuwa? Amma mai haɗi ba za ta tambaye ki ko wane iri ne naki ba. Kwalba ɗaya ce ga kowa, kamar mai maganin tasha da ƙullinsa ɗaya ke warkar da basir da ciwon baya da rashin kasuwa.

To mi ke cikin kwalbar? Galibi ba rubutu a jikinta, ko kuma rubutun da ke jiki daban, abin da ke ciki daban. Amma abin da masu bincike suka sha samu a cikin mayukan bilicin na Afirka ta Yamma abu uku ne, kuma kowanne da irin ɓarnarsa.

Na farko shi ne haidurokinon. Magani ne na gaskiya, likitocin fata suna rubuta shi, amma da awo, na ɗan lokaci, kuma suna bibiyar mai shafawa. In aka ɗauki watanni da shekaru ana labta shi ana shiga rana, sai ya juya ya yi kishiyar abin da aka saye shi dominsa. Fatar kumatu da gefen ido ta yi baƙi ƙirin mai ratsin shuɗi, ta yi kaushi da ƙananan gudaje. Tun 1975 wani likitan fata a Afirka ta Kudu mai suna Findlay da abokan aikinsa suka bayyana wannan cuta a jikin mata baƙar fata masu shafa irin wannan mai, kuma har yau tana cikin tabon da ya fi wuyar magani. Likitocin fata na ƙasashenmu masu aiki da Faransanci ma suna da suna ga baƙin da ke zagaye idon mai bilicin, suna cewa ya yi "luneti", wato kamar ta sa tabarau. Ku duba wannan abin takaici: yarinya ta shiga shafe-shafe don ɗan duhun da sai an ƙura mata ido ake gani, ta fito da zoben da ake hangowa daga nesa.

Na biyu shi ne kotizon mai ƙarfi, irin su kulobetazol da betametazon, waɗannan ƴan tub ɗin da ake matsewa cikin haɗi. Su ne sirrin "kwana bakwai". Suna tsuke jijiyoyin jini, fata ta yi haske nan da nan, mai shafawa ta ce kai, wannan mai akwai aiki. Bayan nan sai fata ta fara sirancewa. To fatar da tun asali ita ce mafi siranta, in ta ƙara sirancewa mi zai faru? Jijiyoyi su ƙara fitowa, duhu ya ƙaru, ƙuraje da nankarwa su biyo baya, ranar da aka daina kuma fuska ta ɗau zafi da ƙaiƙayi har a koma. Mafi muni, kotizon da ake shafawa a bakin ido na tsawon lokaci yana iya jawo hawan jinin ido da yanar ido. Hawan jinin ido kuwa ɓarawo ne, ba ya sallama. Yana cin gani daga gefe a hankali ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido, ba a karin magana ba, a zahiri.

Na uku ita ce zaiba, wadda ake ce wa makuri. Tana shiga jini ta fata, ta taɓa ƙoda da jijiyoyin kwakwalwa, tana kuma iya isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Tun 1972 likitoci a Nairobi ta ƙasar Kenya suka danganta wani ciwon ƙoda da ke kama ƴan mata da mayukan bilicin masu zaiba. Ɗaya daga cikin alamun wannan ciwo kuwa shi ne kumburin kewayen ido da safe. Sai mai shafawa ta ga ido ya kumbura, ta ƙara sayen wata kwalbar don ta gyara.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 sun nuna kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da mayukan hasken fata, a Togo kashi 59, a Mali kashi 25. Tarayyar Turai ta hana sa haidurokinon a kayan kwalliya tun 2001. Kodebuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015, Gana da Ruwanda su ma sun ɗauki irin wannan mataki. A 2023 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar, kuma a shekarar ce ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata suka amince a daina sa zaiba a kayan kwalliya kwata-kwata. To mu da muke zaune a bakin iyaka biyu fa? Ga Kamba a nan kusa, ga kasuwar Malanbil a ƙetaren kogi. Ko lokacin da aka rufe gadar Gaya a 2023 kaya ba su daina ƙetarowa ba, kwale-kwale ne ya karɓi aikin mota. Abin da aka kora daga kantunan manyan birane, a kan tire da cikin jakar dillaliya yake ƙarewa, ya shigo har tsakar gidajenmu.

Na san abin da wata za ta ce: ai ni da idona na ga ya yi wa wance aiki. Gaskiya ne, kin gan ta a wata na farko. Ki sake dubanta bayan shekara uku, da safe, kafin ta shafa hoda. Ki dubi gaɓoɓin yatsunta, ki dubi kumatunta in ta dawo daga kasuwa cikin rana. Hoton talla kuwa kada ma a kawo shi hujja, yaron da bai gama firamare ba ya san yadda ake sa wa hoto haske a waya.

Wata kuma za ta ce a bar mai haɗi ta ci abinci, sana'arta ce, marayu take riƙo. Ba wanda ke ƙin mace ta nemi na kanta, kuma da yawansu su ma ba su san abin da suke damawa ba, fuskokinsu ma shaida ne. Amma mai sayar da ƙosai in ta zuba abin da ke makantar da mutane a cikin ƙullu, za mu ce a bar ta saboda marayu? Ga turare, ga lalle, ga man kaɗe, ga sabulun salo, ga atamfa. Hanyar abinci ba ta ƙare a kwalbar da ba suna ba.

Sannan mu maza, da ku iyayenmu mata, kada mu zame mu bar laifin a kan ƴan mata. Wa ya fara ce wa yarinya idonta kamar na marar lafiya? Wa ke cewa a nemo masa fara ko da mayya ce? Wace uwar miji ce ke leƙa fuskar amarya ta ce ba a gyara ta ba? Saura wata ɗaya biki sai a tsare ɗiya a ɗaki ana dama mata haɗi da sunan gyaran jiki, uwa ce ma ke biyan kuɗin. Abin dariya, mu ɗin nan ne muke ranbaɗa kwalli don ido ya yi baƙi ya yi kyau, amma baƙin da aka haife mu da shi, ɗan yatsa ɗaya ƙasa da inda kwallin ya tsaya, shi ne ya zama abin kunya.

To shi ke nan ba abin yi? Akwai, sai dai ba na kwana bakwai ba ne. Na gado ba ya fita, amma ana iya hana shi ƙaruwa. Rana tana ƙara shi, don haka malfa, lema, inuwa, da man kariya daga rana ga mai hali, sun fi kowane haɗi. Murza ido yana ƙara shi ƙwarai, musamman lokacin hunturu da ƙura ke sa ƙaiƙayin ido da atishawa. A nemi maganin ƙaiƙayin a likita maimakon a yi ta murza. Rashin barci yana fito da shi, kuma duk mun san masu kwana a kan waya har asuba. Tsumma mai tsabta da ruwan sanyi yana rage kumburi. Man kaɗe yana laushin fata, ba ya sa fari, kuma ba a ce ya sa ba. Ranar biki in ana son rufewa, hoda mai dacewa da launin fata ta isa, da dare a wanke.

Wanda ya kamata a damu da shi shi ne duhun da ba a saba gani ba, ya zo kwatsam, tare da kasala, jiri ko haki. A ja fatar ido ta ƙasa a duba cikinta: in ta yi fari fat maimakon ja, wataƙila ƙarancin jini ne, abin da ya yi yawa a wurin masu ciki, masu jego da yaran da zazzaɓin sauro ya sha kayarwa. Wannan aikin CSI ne da gwajin jini, ba aikin mai ba. Haka kumburin ido da na ƙafa, a tafi asibitin Gaya ba tare da jinkiri ba. Ke kuma ƴar'uwa da kika daɗe kina shafawa, kada kunya ta hana ki. Ki ɗauki kwalbar da tub ɗin ki kai wa likita ya gani, ki faɗi gaskiyar shekara nawa kika yi, domin wanda ya daɗe a kan kotizon mai ƙarfi sau da yawa a hankali ake janye shi. Ki nemi a auna miki ido, ko da zai kai ki Doso ko Yamai.

Kirana ga mahukuntan Yelu da Gaya, da jami'an duwan da na kiwon lafiya, shi ne a riƙa leƙa tiren masu talla kamar yadda ake leƙa buhun shinkafa. Gidajen rediyonmu su daina karɓar tallan man da ba a san abin da ke cikinsa ba, su gayyato ma'aikatan lafiya su yi bayani da Hausa da Dandanci da Zabarmanci. Ungozomomi su riƙa tambayar masu zuwa awo irin man da suke shafawa.

Ku kuma da kuka karanta, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba, ku tura wa ƙannenku da matanku. In akwai ma'aikacin lafiya a cikinmu da ya ga irin wannan ɓarna da idonsa, ya yi mana ƙarin bayani a ƙasa, ba tare da kama sunan kowa ba. Allah ya ba mu lafiya, ya tsare mana ganinmu.